Bodiam, gidan dutse a tsakiyar ruwa: wa ya gina shi, kuma don tsoron wa?

Tambaya: Na ga hoton wani tsohon gini na dutse a Ingila mai hasumiyoyi, ruwa ya kewaye shi ta ko'ina, an ce sunansa Bodiam. Wane sarki ne ya gina shi, wane yaƙi aka yi a wurin, kuma da gaske ruwan nan yana hana abokan gaba shiga?

Malam, bari in sauke maka abu biyu tun kafin mu yi nisa. Ba sarki ne ya gina Bodiam ba, kuma a cikin shekara sama da 600 da ginin ya yi a tsaye ba a taɓa gwabza wani yaƙi na a zo a gani a bakin ƙofarsa ba. Wanda ya gina shi barde ne, jarumin doki mai laƙabin Sir, sunansa Edward Dalyngrigge, kuma a shekarar 1385 Sarki Richard na Biyu ya ba shi izinin ginin. Wurin yana gabashin yankin Sussex, kudu maso gabashin Ingila, a gefen kogin Rother, dab da iyakar yankin Kent. Maganar ruwan kuwa ita ce mai tsawo, don masana tarihi sun shafe shekaru suna kai ruwa rana a kanta.

Ka fara cire wani zato daga ranka. Mu nan idan an ce ganuwa, abin da ke zuwa mana shi ne irin ta Kano ko Zariya ko Katsina, wadda ta rungume gari ɗungurungum, har da gonaki da kududdufai a ciki, talaka da basarake duk suna bayanta. Irin ginin Bodiam gidan mutum ɗaya ne. Shi da iyalinsa da barorinsa da baƙinsa ke ciki, ƙauyen kuma yana waje. Da ka riƙe wannan, sauran labarin zai zo maka da sauƙi.

An haifi Dalyngrigge wajen shekarar 1346, a gidan da ke da rufin asiri amma ba ya cikin manyan gidajen ƙasar. Danginsa mutanen gefen dajin Ashdown ne, suna da ɗan fili da ɗan suna a Sussex. Ya tashi ana tsakiyar doguwar gabar nan ta Ingila da Faransa da ake kira Yaƙin Shekara Ɗari, wadda ta faro a 1337. A wancan zamani saurayi irinsa hanya biyu gare shi ta yin arziki, takobi da aure, kuma shi duka biyun ya bi. Ya auri Elizabeth Wardieu, wadda ita ce magajiyar mahaifinta. A dokar Ingila ta lokacin, idan mutum ya mutu bai bar ɗa namiji ba ƙasarsa takan faɗa hannun 'yarsa, mijinta kuma shi ke juya ta. Ta wannan hanya, zuwa 1378, gandun Bodiam ya zama nasa.

Kuɗin da aka zuba a dutsen kuwa daga Faransa akasarinsu suka fito. Ya kamata a faɗi yadda ake samun irin wannan kuɗi, don hotunan da ake sayar wa 'yan yawon buɗe ido ba sa faɗa. Rundunar Ingila takan sauka Faransa ta bi ƙauyuka tana ƙona amfanin gona, tana kwashe dabbobi da kayan coci, tana kama masu hali a tsare sai an biya fansa. Garin da ba ya son wuta sai ya riƙa biyan kuɗin a bar shi lafiya. Ko lokacin da sarakunan biyu suka yi sulhu a Bretigny a 1360, dakaru da yawa ba su koma gida ba, sai suka zama ƙungiyoyin sojan haya masu cin gashin kansu, suka ci gaba da sana'ar. Ɗaya daga cikin mashahuran jagororinsu shi ne Sir Robert Knolles, mutumin da ƙone-ƙonensa suka yi yawa har Faransawa suka riƙa kiran kangon gidajen da ya bari da sunansa. Dalyngrigge ya yi aiki a ƙarƙashin Knolles, kuma bai ɓoye ba: har yau tambarin gidan Knolles na nan sassaƙe a jikin hasumiyar ƙofar baya ta Bodiam. Yaro ne ke gode wa ubangidansa a bainar jama'a.

Da ya dawo gida sai ya shiga harkar mulki. Ya wakilci Sussex a majalisar dokoki sau da yawa daga 1379 zuwa 1388, ya zama na hannun daman Richard Fitzalan, hakimin Arundel, wanda shi ne babban mai faɗa a ji a yankin. A 1383 ya samo takardar sarki ta kafa kasuwar mako-mako da bikin ciniki na shekara-shekara a Bodiam. Ka lura da wannan, don tun kafin a aza harsashin ginin mutumin yana shirya wa kansa ƙaramar masarauta ce, da kasuwarta da injin niƙanta mai aiki da ruwa da mashigin jiragen kogi.

Dalilin da aka rubuta a takardar izinin ginin shi ne tsoron Faransa, kuma wannan tsoro ba na ƙarya ba ne. A watan Yuni na 1377, kwanaki kaɗan bayan rasuwar Sarki Edward na Uku, jiragen ruwan Faransa ƙarƙashin Jean de Vienne suka dira a garin Rye, wanda ke bakin wannan kogi na Rother, suka cinna masa wuta, har ƙararrawar cocin garin suka kwance suka tafi da su. (Mutanen Rye da na maƙwabcin garin Winchelsea sun haye yankin Normandy na Faransa a shekarar da ta biyo baya suka ƙwato kayansu, suka rama da ƙari.) A wannan damina ta 1377 aka kama shugaban gidan ibadar Lewes a fagen fama kusa da Rottingdean aka tafi da shi. A 1380 aka sake afka wa Winchelsea. Sannan a 1385 da 1386 Faransa ta tara jirage fiye da dubu a tashar Sluys ta Flanders da niyyar mamaye Ingila gaba ɗaya, har hankalin mutanen Landan ya tashi. Mamayar ba ta yiwu ba a ƙarshe, amma a watan Oktoba na 1385, lokacin da aka buga hatimi a takardar Dalyngrigge, kowa a kudancin Ingila barci yake da ido ɗaya. Takardar ta ba shi damar ya ƙarfafa gidan gandunsa na Bodiam, wanda ta ce yana kusa da teku, da bangon dutse da farar ƙasa, domin kare yankin da ke kewaye da kuma tunkarar maƙiyan sarki.

To a nan ne gizo ke saƙar. Takarda ta ce a ƙarfafa tsohon gida, shi kuwa ya bar tsohon gidan inda yake, ya zaɓi sabon fili ya gina sabo fil. Ta ce kusa da teku, alhali tsakanin Bodiam da bakin teku ya haura kilomita 15. Gaskiya ne a lokacin jirage suna hawa kogin har gadar Bodiam, amma mai son tare jiragen Faransa da ya fi masa ya tsaya can ƙasa wajen Rye da Winchelsea inda suke sauka.

Shekara da shekaru ana ɗaukar Bodiam a matsayin cikakken misali na sansanin yaƙi. Daga shekarun 1980 ne aka fara yi masa kallon tsanaki. Wani masani mai suna Charles Coulson ya bi ginin lungu-lungu, ya fito a 1992 ya ce a wajen yaƙi abin duk hoto ne. A ɗan tsakanin nan kuma masu safiyo na hukumar kula da kayan tarihi ta Ingila suka auna filin da ke kewaye, suka gano ashe ba kududdufin da kake gani a hoto kaɗai ba ne, akwai jerin tafkuna da madatsu da aka tsara ta gabas da yamma da kudu, waɗanda yanzu sun bushe sai gurbinsu.

Ka ɗauka kana tsaye a wurin. Ginin kusan murabba'i ne, hasumiya mai kewaye a kowace kusurwa huɗu, tsayin kowace wajen mita 18, sai hasumiyoyi masu kusurwa a tsakiyar bangaye. Babbar ƙofa tana arewa, ƙaramar ƙofar baya tana kudu ta fuskar kogi. Abu na farko da mai ido zai lura shi ne ba a kan tudu aka gina shi ba. A gangare yake, kuma ta arewa ƙasa ta hau har mai tsaye a can yana kallon gidan daga sama. Soja ba ya zaɓar wa kansa wurin da za a leƙo shi. Abu na biyu shi ne ruwan. Tun da filin gangare ne, ba rami kawai aka haƙa ba, tarin ƙasa aka yi ta kudu da gabas aka datse ruwan maɓuɓɓuga ya taru. Zurfinsa a yawancin wurare bai wuce mita ɗaya da rabi ba. Hujjar Coulson ita ce 'yan mutane da fartanya da shebur za su iya fasa madatsar nan ruwan ya tsiyaye zuwa kogi cikin ƙanƙanin lokaci, kuma masu gadi ba su da wata kafa mai kyau da za su harbe su daga ciki. Abu na uku tagogi. Tagar babban ɗakin taro da ke bangon kudu da ta ɗakin ibada da ke bangon gabas manya ne, kuma ba su yi nisa da ruwa ba. Mai shirin a yi masa ƙawanya da manjaniƙi ba ya huda bangonsa haka.

Babbar ƙofa kuwa ta sha ado na ban tsoro. Akwai ramukan harba bindiga masu siffar kafar makulli, waɗanda suna cikin na farko-farko a Ingila. Akwai baranda ta dutse can sama mai huji a ƙasa don sako duwatsu kan mai tsaye a gindi. Rufin zauren shiga shi ma huji-huji ne. An yi wa zauren gurbin ƙyamare uku irin masu saukowa daga sama, na katako mai kaifin ƙarfe a ƙasa, kuma ɗaya daga cikinsu, na asali tun ƙarni na 14, yana nan rataye har yau, abin da ba kasafai ake samu ba a duk ƙasar. Amma idan ka leƙa ta ramukan bindigar za ka ga abin da suke iya gani kaɗan ne. Ƙofar baya kuma ba ta samu rabin wannan tanadi ba, kuma ɓarawo ba ya tambayar ina ce ƙofar baƙi.

Abin da ya fi burge ni a duk tsarin shi ne hanyar shiga ta asali. Baƙo ba ya miƙewa kai tsaye zuwa ƙofa. Doguwar gadar katako ce ta taso daga gaɓar yamma ta bi tsawon fuskar gidan a kan ruwa, har ta kai wani ɗan tsibiri mai kusurwa takwas. A nan sai ka karya dama, ka ratsa wata ƙaramar hasumiyar tsaro, sannan ka isa babbar ƙofa. Masu kallon abin da idon soja sukan ce hikimar ita ce mai tafiya a gadar ɓangaren damansa ne ke fuskantar bango, garkuwa kuma a hannun hagu take, don haka a buɗe yake ga kibiya. Wannan haka ne. Amma ka sa kanka a matsayin baƙon da aka gayyata cin abinci. Ka taso daga gadar kogi, ka bi ta gefen tafkin injin niƙa, ruwa a dama ruwa a hagu, gidan yana ɓuya yana bayyana, hasumiyoyinsa sun ninka tsayi saboda inuwarsu a ruwa. Ka zagaya, ka hau gada kana tafe a hankali, ka juya, sai ga tambura uku a saman ƙofa suna kallonka: na Dalyngrigge a tsakiya, na Wardieu dangin matarsa, da na Radynden dangin mahaifiyarsa, a samansu kuma kwalkwalin yaƙi da aka sassaƙa. Kafin ka sauka daga doki an riga an gaya maka ko gidan wa ka zo. Can kan tudun arewa kuma akwai wani fili da aka baje, wanda aka daɗe ana cewa wurin girke igwa ne, masu safiyon nan suka ce ya fi kama da wurin zama a kalli gidan daga sama.

Wa ake so ya gani? Amsar tana cikin wata shari'a da aka yi shekara ɗaya kafin izinin ginin. A 1372 John na Gaunt, ɗan Sarki Edward na Uku, mai babbar sarautar Duke na Lancaster, wanda ya fi kowa dukiya a Ingila in ban da sarki, ya samu manyan filaye a Sussex, har da gidan sarauta na Pevensey da dajin Ashdown. Wakilansa suka fara matsa wa mutane da haraji da kotuna, ƙananan masu ƙasa na yankin suka ji an shigo musu gona. Dalyngrigge ne ya ja gaba wajen bijirewa: farautar barewa a dajin Duke ba izini, hana kotunansa zama, tsorata ma'aikatansa. A 1384 Gaunt ya maka shi a kotu. A gaban alƙalai Dalyngrigge ya cire safar hannunsa ta yaƙi ya jefa ƙasa, wato yana neman a bar shari'a a fito a raba gardama da takobi. Alƙalai ba su biye masa ba. Aka ci shi tarar fam 610, kuɗi mai yawan gaske a lokacin, aka tsare shi. Ubangidansa hakimin Arundel ne ya shiga tsakani aka sake shi, kuma bai daɗe ba ya koma kujerarsa ta majalisa kamar ba a yi ba. Shekara ta zagayo sai ga shi da takardar sarki ta gina gida mai hasumiyoyi a yankin da Gaunt ke taƙama da Pevensey. A ganina wannan gini da maƙwabta yake magana kafin ya yi da Faransawa.

Sai dai ban bi masu cewa duk wasan kwaikwayo ne har ƙarshe ba. Suna auna Bodiam da ma'aunin rundunar sarki mai injinan rusa bango da watanni na zaman ƙawanya, alhali ba irin wannan haɗari ne ke gaban mai gida a Sussex ba. Maharan Faransa sauka suke su ƙona su kwashe su koma jirgi kafin a taru a kansu. Ba su da lokacin fasa madatsa su jira ruwa ya janye, kuma ko ya janye abin da zai rage taɓo ne mai kama ƙafa, wanda mai sulke ba zai so shiga ba ana harbinsa. Ga kuma abin da ya faru a 1381, lokacin da talakawan Kent da Essex suka yi bore saboda harajin kai, suka shiga Landan, suka ƙone fadar Gaunt ta Savoy, suka fille kan babban limamin Canterbury. Kent tana tsallaken Bodiam ne kawai. Duk mai ƙasa da ya ga wannan shekara ya san amfanin ƙofar da ake saukewa a kulle. Ga gungun manoma masu lauje da gatari, ko yaran wani basarake da kuke gaba, bangon Bodiam da ruwansa sun isa har sun yi yawa. Kuma a idon mutanen ƙarni na 14 ƙarfi da nuna ƙarfi abu ɗaya ne. Hasumiya ita ce shedar cewa kai wani ne, kamar yadda takobi a ƙugu yake sheda ko da ba a zare shi ba. A Cooling da ke Kent, wani basarake mai suna John de Cobham da ya samu irin wannan izini a 1381 har allon tagulla ya manna a ƙofarsa yana sanar da masu wucewa cewa don taimakon ƙasa aka yi ginin. Mai buƙatar rubuta haka a ƙofa ya san abin da ake faɗa a bayansa.

Ruwan yana da wani aikin da hoto ba ya nunawa. Makewayi wajen 28 ne a cikin kaurin bangayen, kuma dukkansu cikin kududdufin nan suke zubarwa. Wannan adadi, tare da murhun jin ɗumi fiye da 30, shi ke nuna maka irin rayuwar da aka shirya: ɗakuna masu yawa, kowane babban baƙo da nasa wurin wuta da nasa bayan gida, abin da a wancan zamani sai wane da wane. Babu wata babbar hasumiya a tsakiya da za a gudu a ɓuya irin ta tsofaffin gidajen Normawa, mutanen Normandy da suka ci Ingila da yaƙi a dā. Ɗakunan jingine suke da bango ta ciki, sun kewaye tsakar gida. Ɓangaren mai gida da uwargida yana gabas kusa da ɗakin ibada, babban ɗakin taro da cin abinci yana kudu, madafa tana kusurwar kudu maso yamma da murhu biyu manya-manya da za a iya gasa sa guda. A gindin hasumiyar da ke wannan kusurwa akwai rijiya, a samanta kuma ɗakin tantabaru, don nama da ƙwai.

Dalyngrigge bai more gidan sosai ba. Aiki ya yi ta jansa waje: ya riƙe garin Brest na yankin Brittany a Faransa a madadin Ingila, ya shiga majalisar sarki, kuma a 1392, da Richard na Biyu ya fusata da birnin Landan ya tsige magajin garinta, Dalyngrigge ya naɗa ya riƙe birnin, ko da yake bai fi 'yan makonni ba aka canza shi. Ba da daɗewa ba bayan haka ya rasu.

Daga nan labarin gidan ya zama na rashin magaji da na kuskuren zaɓen ɓangare. Ɗansa Sir John ya gaje shi, ya yi hidima a fadar Henry na Huɗu, ya rasu a 1408 bai bar ɗa ba. Matarsa Alice ta riƙe gidan har ƙarshen ranta, sannan ya koma ga wani ɗan'uwa, Richard Dalyngrigge, shi ma ya rasu a 1470 ba ɗa. Mutumin da ya zuba dukiyarsa don sunan gidansa ya ɗore, sunan bai cika shekara 90 a ƙofar ba. Ta wajen mace, Philippa Dalyngrigge, gidan ya koma dangin Lewknor.

A hannunsu ne aka yi abin da ya fi kusa da yaƙin da kake tambaya. A 1483 Sir Thomas Lewknor ya shiga tawayen da aka yi wa Sarki Richard na Uku. Tawayen ya watse, sarki ya ba hakimin Surrey da wasu umarni a watan Nuwamba su tara mutane su yi wa Bodiam ƙawanya. Gidan ya faɗa hannun sarki ba tare da an bar wani tabo a bangonsa ba, aka naɗa wani Nicholas Rigby ya kula da shi. Bayan shekara biyu Richard ya mutu a fagen Bosworth, Henry na Bakwai ya hau, aka mayar wa Lewknor kayansu. A 1543 wani Sir Roger Lewknor ya rasu, aka rarraba gadon, gidan ya yi ta yawo hannu-hannu a gutsure.

John Tufton, hakimin Thanet, shi ya sake haɗe shi a 1639, sai ga yaƙin basasa tsakanin Sarki Charles na Ɗaya da majalisa. Tufton ya bi sarki, aka ci su a Haywards Heath a 1642, majalisa ta ɗora masa tarar fam 9,000. Don ya biya, a 1644 ya sayar da Bodiam kan fam 6,000 ga Nathaniel Powell, mutumin majalisa. Yawancin masana a wannan zamani suke ɗora rushewar cikin gidan: rufi, benaye, gadoji, duk aka kwashe, bangon waje kaɗai ya tsira. Shi ya sa hoton da ka gani yake yaudara. Daga waje kamar jiya aka gama shi, da ka shiga sai tsakar gida mai ciyawa da murhu a maƙale can sama inda dā akwai bene.

A 1722 Sir Thomas Webster ya saya, danginsa suka riƙe fiye da shekara 100. A zamaninsu ne Turawan Ingila suka kamu da son kango, masu zane suka riƙa zuwa suna zana bangon da ganye ya lulluɓe. Da bashi ya ci Webster na ƙarshe da ya riƙe shi, har ana maganar rushe ginin a sayar da duwatsun, sai John Fuller na Brightling ya saya a 1829 kan fam 3,000. Ana yabon Fuller da ceton Bodiam, kuma ya cancanta. Mutum ne mai abin mamaki, wanda ya gina wa kansa dala irin ta Masar a maƙabartar cocin garinsu aka binne shi a ƙarƙashinta, ya kuma ɗauki nauyin kujerar binciken da masanin kimiyya Michael Faraday ya fara hawa. Amma wani babban kaso na dukiyarsa daga gonakin rake na Jamaika ya fito, inda bayi 'yan asalin Afirka ke aiki, kuma a majalisa ya tsaya kai da fata yana kare bautar. Ganimar ƙauyukan Faransa ta gina gidan, gumin bayi ya hana shi faɗuwa, kuma mai ba da labarinsa ya kamata ya faɗi duka biyun.

Bayan Fuller sai George Cubitt, wanda ya yi gyare-gyare, sannan Lord Curzon, wanda ya yi sarautar Indiya a madadin Ingila daga 1899 zuwa 1905. Curzon ya daɗe yana zawarcin gidan kafin ya samu saye ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Daga 1919 ya sa aka janye ruwan, aka kwashe taɓo, aka sare itatuwan da ke cin bango, aka ɗinke duwatsu. A lokacin ne aka ga gindin tsofaffin gadojin, aka fahimci hanyar nan mai lanƙwasa da na ba ka labari. Curzon ya yi imani Bodiam sansanin yaƙi ne na gaske, kuma ra'ayinsa ne ya yi ta yawo a littattafai har zuwa lokacin su Coulson. Da ya rasu a 1925 ya bar gidan cikin wasiyya ga National Trust, ƙungiyar da ke kula da wuraren tarihi a Ingila, kuma ita ke riƙe da shi har yau. A 1940, da ake tsoron mamayar Jamus, sojoji sun gina wani ɗan ɗakin harbi na kankare a filin gidan don tsare gadar kogin, yana nan kusa da hanyar da baƙi ke bi.

Idan Allah ya kai ka, gadar katakon da za ka taka a yau miƙaƙƙiya ce daga gaɓar arewa zuwa tsibirin nan mai kusurwa takwas, ba ta asali ba ce. Kafin ka hau ta, ka zagaya gaɓar yamma ka tsaya daidai inda tsohuwar ta taso, ka dubi nisan da baƙo zai yi a kan ruwa bango na damansa, sannan ka gangara kudu ka dubi tarin ƙasar da ke riƙe da ruwan.